Saura Yaro Ɗaya

A bakin ƙofar wani gidan baje kolin zane-zane, Furera ta ƙirga yaran. Ashirin da uku. Ta sake daga farko, tana nuna kowane kai da yatsa. 'Yan aji huɗu kuwa ashirin da huɗu ne, kuma wanda babu ɗin ɗanta ne.

Danfo biyu, ƙananan motocin haya, suka kwaso su daga Agege. Ita ta shiga ta baya, ta yi ta gaya wa ranta yana cikin ta gaba.

Ta tari malamin ajin. "Malam Mamman, saura ɗaya."

"Yaya Furera, samu benci ki huta, rana ta buge ki." Ko waiwayawa bai yi ya ƙirga ba.

Ciki yaran suka yanyame wani mutum-mutumin katako. Wata yarinya, Mufida, ta ce, "Malam, wannan baban ya manta wandonsa a gida!" Aka fashe da dariya. Da suka hango Furera sai kowa ya yi tsit.

Ta bar su ta shiga nema. Yaro ne mai son zane, duk bangon gidansu ya sha gawayi. Tun farkon shekara da aka sa ranar zuwa nan ya hana kowa sakat da zancenta. Irinsa ba ya jiran layi, gaba zai yi. Ta leƙa ɗakin hotunan kwalekwale da kasuwa. Ta duba bayan wata ƙatuwar ƙofa ta sassaƙa, ta duba ƙarƙashin matakala, har banɗakin maza ta ƙwanƙwasa.

A ƙofar baya ta sami maigadi, wani dattijo mutumin Nijar.

"Baba, ka ga wani yaro? Siriri, da tabo a haɓa."

"Mi sunanai?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Shekara tara sunansa bai taɓa fita bakinta ba, yadda uwarta ba ta taɓa faɗin nata ba. "Yaron nan" take cewa.

Dattijon ya gane, ya yi murmushi. "Kunyar ɗan fari ke nan. To ɗiyata, in ba ki kira ba, ƙaƙa za shi amsa?"

Ƙarfe huɗu aka fara rufe tagogi. Direbobi suna ta danna oda, suna tsoron cunkoson hanya. Yara suka jeru biyu-biyu suna fita.

Furera ta tsaya tsakiyar babban ɗakin, ta buɗe baki.

"Ɗahiru!"

Sunan ya bugi bango ya dawo mata. Ta sake kira har muryarta ta dushe. Mufida ta fashe da kuka.

Malam Mamman ya matso a hankali. "Yaya, mun cika. Ashirin da uku na kawo."

"Ya san yau ce ranar, Malam. Ko a hannun wa yake, nan zai ce a kawo shi."

Malamin ya kau da kai. Wata huɗu ke nan ba a ga Ɗahiru ba, tun Lahadin da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, jama'a suka ranta a na kare, turmutsutsu ya fizge hannun yaron daga nata a bakin ruwa, ita kuwa ta yi ta kiran "kai yaro" a tsakiyar dubban yara.