Jinin Gida

"Hajiya, ba aljanu ba ne," in ji likita. "Galahangar yaron nan daga jini take. Tana kwance shiru a jikin uwa, tana kwance a jikin uba, sai sun haɗu a ɗa take farkawa. Iyayensa 'yan uwa ne?"

Ta dubi jikanta yana jera marafan kwalba a ƙasa. Shekararsa biyar, bai taɓa amsa sunansa ba. Ita ta haɗa auren iyayensa. Duk Ƙofar Dundaye an san alfaharinta: jininsu ba ya fita waje.

Tana shiga gida, matan sauran 'ya'yanta uku, duk ɗiyan ƙannenta, suka miƙe da ƙyar, kowace da tsohon ciki.

"Inna, mi likita yac ce?"