Babur Mai Kujera Ɗaya

A mako na biyu na Agusta, yayin da taron masu babura ke watsewa a Sturgis, Wendell ya kawo babur ɗinsa bakin hanyar Spearfish domin Marlys ta ɗauki hoton babur ɗin. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan sana'a, biyu daga ciki a bayan Wendell take zama a kan babur ɗinsa. Ta zo da jakarta a ɗaure, tana sa ran ya ce ta bi shi Montana.

Sai da ta durƙusa ta kai kyamara ido sannan ta lura cewa ya kwance kujerar baya, har da ƙarafan da take ɗora ƙafa. Ramukan kusoshin ma an toshe su, an bi da fenti.

"Ya fi kyau a hoto, ko?" in ji shi, yana goge madubin da ba shi da datti. "Ke kika ce 'yanci mutane ke saye, ba ƙarfe ba."

"Tsoho, ba a toshe rami don hoto," ta ce. "Wannan aikin ba na jiya ba ne."

"Mako uku ke nan."

Ta nemi aibu a jikin babur ɗin, ta rasa. Hasken safiya ya bi gadon bayansa ya sauka sumul, babu abin da ya tare shi.

"Marlys, ni dai..."

"Matsa gefe, inuwarka na ɓata min aiki."

Ya matsa. Ta sake kai kyamara ido, ta ɗauki hoton haka nan.