Muryar Saratu a Ɗakin Gwaji

Yanzu ba a sakin mace daga gidan yari sai ta ci jarrabawar ɗakin gwaji, inda na'ura ke magana da muryar 'yan gidansu. Sau uku Talatu tana faɗuwa.

"Iya, sunan 'yarki kawai za ki kira," in ji gandiroba.

"'Yar fari ce fa! Ina ni ina kiran sunanta?"

A karo na huɗu ta runtse ido ta ce, "Saratu."

"Na'am, Inna! Kin sayo mini alewa?"

Muryar 'yar shekara huɗu ce, yadda ta bar ta shekara goma sha shida baya.

"Kin ci, Iya. Gobe sai gida."

Talatu ta ƙi tashi. "'Yar nan, rubuta na faɗi. A waje ba mai tambayata alewa."