Fis a Aljihun Yaya

Yaya Namadi, yau kwana arba'in ke nan. An yi sadaka an watse, ni kuma na zo shago na zauna a kan buhun da kake zama. Har yanzu wurin yana ƙamshin gero da baƙin mai. Kai ne mai ba da misali. In za ka yi mini faɗa ba ka ɗaga murya, sai dai ka ce, "Zo ka ji labarin wani mutum." To yau ni zan ba ka nawa. Ka yi haƙuri, ban iya jera magana kamarka ba.

An yi wasu masu injin niƙa a bakin kasuwa, wa da ƙane. Tun da hantsi mata kan jera kwanuka har bakin titi, rediyo na kuka a kan taga, gari ya bi gira da gemu ya mai da su tsofaffi tun suna samari. Wata tsohuwa mai ƙosai kan leƙo ta ce, "Ina angwayena masu furfura?" Wan ya ce, "Ga mu, Iya, sadaki muke niƙawa." Kwanaki ne masu daɗi, ba wanda ya san suna ƙarewa.

Shi wan yana da wata al'ada. Ba ya taɓa bel ɗin inji sai ya zare fis ɗin wuta daga jikin bango ya jefa a aljihu, ko da an ɗauke wuta. In ya gama, sai ya mai da murfin raga a kan bel ɗin, ya ɗaure kusoshi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, komai yawan masu jira. Ƙanen kan yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wutar da ba ta nan ma tsoronta kake?" Shi kuwa ya ce, "Ƙanena, wuta ba ta sallama in za ta dawo."

Wata rana aka ɗauke wuta, har kwana uku. Bel ya saki, ƙanen ya cire murfin don ya duba, ƙiwa ta kama shi, ya jingine shi a bango. A rana ta uku wan ya zare fis kamar kullum, ya ce in ya dawo daga sallar azahar zai gyara. Ƙanen ya dubi kwanukan da suka taru. Yana son ya je ƙarƙashin dalbejiya inda ake dara, amma ba ya son a kawo wuta bai sani ba. Sai dabara ta zo masa. Ya samo guntuwar waya ya maƙala a gurbin fis, ya bar makunni a kunne, don ƙarar inji ta kira shi. Ya tafi yana jin ya yi wayo.

Wan ya dawo ta ƙofar baya. Ya shafa aljihunsa ya ji fis yana nan. Ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya zura hannu har kafaɗa.

Daga gindin bishiya ƙanen ya ji inji ya ɗauka. Ya miƙe da murna ya ce, "Alhamdu lillahi, an kawo wuta!" Bai rufe baki ba ya ji salatin mata.

Yaya, ka san waɗannan mutane.

Masu gaisuwa sun ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wasu sun ce mai kula irinka ma ya yi mantuwa. Wannan ce ta fi ci mini rai, don ba ka manta ba. Da aka zo yi maka wanka, ni na ciro fis ɗin daga aljihunka. Wayar kuwa tun ranar na zare ta kafin kowa ya gani.

Na mai da murfin, na sayo akwatin ƙarfe mai kwaɗo na rufe makunnin, mabuɗi ɗaya tak. Inna tana sa mini albarka, wai na gaji hankalinka. Matarka tana aiko mini da tuwo. Ina karɓa, ina ci. Har yau ban faɗa wa kowa ba, kai ne na farko.

Gaskiyar Hausawa da suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.