Mai Iya Baki

Kifayen sun taso saman ruwa, ciki sama, fari fat. 'Ya'yan karfasa dubu ashirin ne, waɗanda ƙungiyar masunta ta yi wata uku tana reno a tankunan siminti a bakin tafkin Madarumfa. Sama'ila, magatakardan ƙungiyar, ya tsaya daga nesa. 

Hajiya Zahara'u, shugabarsu, ta taso daga Maraɗi da sassafen Asabar. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Kai tsaye ta nufi Mahaman, mai kula da tankunan.

"Shekara tara kana wanga aiki, Malam Mahaman. Injin da ke ba kifayen iska ya tsaya awa huɗu cikin wanga zafi, kana ina? Ko jaki aka ɗaure nan da ya yi kuka! Litinin da safe ina son amsa a buro."

A gaban kowa ta faɗa, har da masuntan da suka zo da bokitai karɓar rabonsu. Jijiyar wuyan Mahaman ta miƙe. Kowa ya san bakinsa, in ya buɗe ba ya da linzami. Sama'ila ya yi wuf ya kama hannun rigarsa ya janye shi.

Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, kuma Sama'ila ne ya karɓa wa Mahaman aure. A wurin aiki kuwa Sama'ila ake kira mai iya baki. Shi ake turawa ga masu unguwa, shi ke rubuta takarda in ana son ta yi laushi.

Ran Lahadi da hantsi Mahaman ya same shi a ƙarƙashin dogon yaro, idanunsa jawur.

"Gaskiya zan gaya mata. Ran Juma'a na duba injin da sha ɗaya yana aiki, na tafi masallaci. Da na dawo la'asar na iske wayar wutarsa a cire. Ba ni na cire ba. Ta tara mu duka ta bincika!"

Sama'ila ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Ka san Hajiya," ya ce a hankali. "Ba ta son gardama. In ka ce a bincika, cewa za ta yi kana neman wanda za ka shafa wa kashin kaji. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ka ce 'amma'. Kada ka ambaci waya, kada ka ce tun sha biyu take a cire. Ka ce, 'Hajiya, ranar aikina ce, laifina ne, a yi mini afuwa.' Ka tsaya nan."

"In ɗauki abin da ban yi ba?"

"Ɗiyanka bakwai, Mahaman. Fushin mace mai mulki ruwan sama ne, ka sunkuya ya wuce."

Sai da suka maimaita sau biyar. Sama'ila ya gyara masa inda zai sassauta murya, inda zai yi shiru, har inda zai ajiye hannuwansa.

Litinin da safe, a buro, ofishin ƙungiyar, Sama'ila na gefe da alƙalami, domin aikinsa ne rubuta abin da aka faɗa. Mahaman ya tsaya da hula a hannu. Bai taɓa magana mai daɗin ji irin ta ranar ba. Ko kalma ɗaya bai ƙara ba, bai rage ba.

Hajiya ta cire tabarau ta dube shi. Fushin shekaranjiya babu shi, sai gajiya.

"Kwana biyu ina cewa a raina ba halinka ba ne. Na shigo da niyyar in ka ce ba kai ba ne, in tsare kowa, in bi diddigi ɗaya bayan ɗaya. To, tunda ka amsa da bakinka, ba ni da abin da zan gaya wa masunta sai shi. Ka bar mabuɗai a tebur."

Mahaman ya buɗe baki. Ya waiga wajen amininsa. Kan Sama'ila na sunkuye, alƙalami na tafiya. Mabuɗan suka yi ƙara a kan tebur.

A bakin ƙofa, yana tura tsohon kekensa, Mahaman ya tsaya ya kama hannun Sama'ila da hannu biyu.

"Kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iya ƙoƙarinka. Da ba don kai ba, da da zagi zan fita. Allah shi bar zumunci."

"Amin," in ji Sama'ila. Muryarsa ta fito sumul, kamar kullum.

Ya tsaya har keken ya ɓace a kwanar hanyar Ɗan Issa. Sannan ya koma ciki ta bayan gini, ya yi doguwar kewaya, don kada ya bi ta ɗakin injin, inda ranar Juma'a da sha biyu ya cire wayar injin da hannunsa ya sa salularsa caji, ya ɗauke salular ya tafi masallaci bai mayar da wayar injin ba.