Ranar da Kande Ta Ƙi 'Yanci

Diddigen Kande ya sake fashewa tun kafin su kai mararrabar Aliero. Ta zauna gindin aduwa, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure, ta miƙe ta ci gaba. Labbo na biye da ita da sanda a kafaɗa. Shi ne bawan da Malam Surajo ya fi yarda da shi, kuma shi ake aikawa ya komo da ita duk sa'ad da ta sulale ta tafi wurin alƙali a Jega. Wallahi ya gaji da hanyar nan har cikin ƙashinsa.

Ita ma baiwar gidan ce, ta tsufa a bakin turmi. Tun da Nasara suka zo aka ce bawa na iya kai ƙara, ta kafe a kan magana ɗaya: ita ɗiya ce, ba baiwa ba, iyayenta Musulmi, sace ta aka yi a bakin rijiya a Maiyama, ba wanda ya taɓa mallakarta da halal. Alƙali ya ce ta kawo shaidu maza biyu. To ina za a samo mai tuna yarinyar da ta ɓace tun zamanin yaƙe-yaƙe? Ta samu ɗaya da ƙyar, kafin ta samu na biyu na farkon ya rasu. Rani ya wuce, damina ta wuce, tana bin ƙauyuka tana nuna wa tsofaffi zanen fuskarta.

Malam Surajo, wanda ko ƙaiƙayi ba ya kyauta da shi, sai ga shi ya tara liman da dattawan unguwa a zaurensa.

"Na 'yanta ki saboda Allah," in ji shi. "Tafi inda kika ga dama, a bar maganar alƙali."

"Ba ni so," ta ce. "Mutum ba shi 'yanta abin da ba nashi ba."

Zaure ya ɗauki salati. Matan gandu, 'yan'uwanta bayi, suka ce tsohuwa ta zautu. Ƙafa ɗaya a kabari, an miƙo miki abin da kike nema, kin ture? Mai gidan kuwa bai yi fushi ba. Sai dai ya fara share gumi.

Labbo ne ya ji haushi. Albasarsa na bushewa a fadama, shi yana yawon bin bayan tsohuwa, kuma tsohuwar ma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Tana wasa da kowane bawa a gandu, tana tsokanar kowa, ban da shi. Ba ta taɓa gaishe shi ba. Ba ta ci a inda yake zaune. In magana ta kama dole, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan." Shi da ya tashi a gandu tun daga yaye, ba uwa ba dangi, ya san dalili: ita mai taƙama da ɗiyauci, shi bacucane, wanda aka haifa cikin bauta. Abin na cin ransa. Ko furar da take bari rabi a ƙwarya a kan hanya, da ƙyar yake sha, don dai yunwa ba ta da zuciya.

Da kaka ta yi, Allah ya haɗa ta da mutum biyu a Maiyama. Akwai Maccido, wani tsoho da ya ci naman sunanta, da Tamu wanzami, wanda ya duba kuncinta ya ce wannan askar ubansa ce, kuma zanen gidan limamai ne. Ta kawo su Jega ranar kasuwa, a kan jakin aro. Wannan karon Malam Surajo bai aiko Labbo shi kaɗai ba, da kansa ya zo.

Alƙali ya saurari shaidun, ya rantsar da su, ya jinjina kai.

"Kande, ke ɗiya ce tun ran da aka haife ki," ya ce. "Ba a 'yanta ki ba, don ba ki taɓa zama baiwa ba. Kuma ɗa na bin uwa. Da kyautar 'yanci kika karɓa, da a kanki kaɗai ta tsaya. Yanzu kuwa duk abin da ya fito cikinki ɗa ne, ba bawa ba. Kin haihu?"

"Ya mutu tun yana goye," Malam Surajo ya yi farat ya ce.

"Ba kai na tambaya ba."

Kande ta ɗaga kai. "Allah shi gafarta malam, yana raye. Yana cikin zauren nan."

"To hwaɗi sunansa."

Matar da ta taka ƙasar nan da ƙafa mai jini, ta tsaya gaban manya ba ta ji tsoro ba, sai ga bakinta ya ƙi buɗewa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya. Labbo ya yi tsaki a ransa. Bayan duk wannan wahala, za ta ɓata shari'ar da taurin kai.

Alƙali ya tambaya sau biyu, shiru. Shi ma ɗan ƙasar ne, mace ce ta haife shi. Ya bar kallon Kande, ya bi zauren da ido, ya duba wanda ta juya wa baya.

"Kai mai sanda, ajiye ta," ya ce a hankali. "Daga yau ba mai aikenka. Ba ka san mace ba ta kama sunan ɗanta na fari ba?"