Shuɗin Yatsan Goggo Tabawa

Tun da aka kawo tawadar zaɓe mai nuna launin jam'iyyar da mutum ya dangwala wa, masu lalle suka samu kasuwa.

Goggo Tabawa, da ta shekara talatin tana yi wa jam'iyyar kore guɗa, ta shiga gidan Ladidi mai lalle da shuɗin yatsa.

Ladidi ta ce, "Goggo, kawo in rufe miki kafin shugaban jam'iyya ya gani. Kin san famfon unguwa koren yatsa kaɗai yake ba ruwa."

"Wane shugaban? Su biyu ne yanzu, suna kokawar kujera, asibitinmu ko ungozoma babu. Ban manta hanyar rafi ba." Ta miƙa hannuwa. "Yi wa sauran taran lalle, 'yar nan. Wannan bar shi, a hango shi daga nesa."